Babi na Biyar: Makarantar da Za Ta Zo Har Tsakar Gida

A ƙauyukan fadama da ke tsakanin Rabah da Wurno da Goronyo, uwa ce take fara ganewa. Tun kafin kowa ya ce uffan, ta riga ta lura goyonta ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko an yaye shi amma ko "Inna" bai taɓa furtawa ba, alhali sa'o'insa har an fara aikensu ɗauko ludayi. In ta faɗa wa uwar mijinta, amsar kusan ɗaya ce a ko'ina: nauyin ƙafa ne, nauyin baki ne, ubansa ma sai da ya daɗe kafin ya yi magana, a yi haƙuri. Sau da yawa tsohuwar tana da gaskiya, don yara ba sa tashi a rana ɗaya. Amma akwai yaron da haƙurin nan yake cinye masa shekara biyu, uku, biyar. Ranar da gida ya yarda cewa akwai matsala, shekarun da ƙwaƙwalwarsa ta fi saurin ɗaukar abu sun riga sun wuce, kuma ba su dawowa.

Irin waɗannan yara suna da yawa fiye da yadda ake zato. A 2018 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin likitar yara 'yar Najeriya, Dakta Bolajoko Olusanya, sun fitar da ƙididdiga cewa a 2016 yara miliyan 52.9 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da wata larura da ta shafi girmansu: raunin fahimta, farfaɗiya, galahanga, matsalar ji ko ta gani. Kashi 95 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Duk wanda ya san yadda ake haihuwa da yadda ake jinya a gabashin Sakkwato ya san rabonmu a cikin wannan adadi ba kaɗan ba ne.

Mafi yawan matan yankin a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma ko su kaɗai a bayan ɗaki. In naƙuda ta yi tsawo, jariri ya fito bai yi kuka ba, mintocin da ya yi ba numfashi sun isa su taɓa ƙwaƙwalwarsa har ƙarshen rayuwa. Sai shawara, wadda take sa idon jinjiri ya yi ɗorawa tun kafin suna. Ana shanya shi a hantsi, ana ba shi jiƙo, ana cewa za ta wuce. Mai sauƙi tana wucewa. Mai tsanani kuwa tana hawa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da sandarewar jiki ko kurumta, alhali a asibiti da wata fitila ta musamman ake maganinta cikin 'yan kwanaki. Akwai jariran da jininsu ba ya jure kafur ɗin da ake sa wa cikin kayan jego, ko lallen da ake shafa musu, kuma waɗannan suna iya tayar da shawarar. Bayan haka ga zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, wanda damina da ruwan fadama suke kawowa kowace shekara. Ga sanƙarau na bazara, wanda ya yi mummunar ɓarna a Arewa a 1996, ya sake dawowa Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai da yawa da suka tashi ba sa ji. Ga ƙyanda. Ga tamowa: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na ƙananan yaran Arewa maso Yamma sun tsumbure. Maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum kuma sun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, ta kashe yara ɗaruruwa, ta bar wasu da raunin da ba ya warkewa.

Na jero waɗannan ne saboda abin da ake faɗa a raɗe. In yaro ya zo da jiki saɓule, ba ya zama, miyau yana zuba, sai a fara cewa ɗan ruwa ne, wai aljannu ne suka ɗauke jaririn gaskiya suka ajiye nasu. Kowa ya taɓa jin labarin yaron da aka kai bakin gulbi aka bari, wai zai rikiɗa ya koma inda ya fito. Wannan kisan kai ne, ba shi da wani suna. Ko inda ba a kai ga haka ba, zargin kaɗai ya isa ya sa a ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki, a dinga kallon uwarsa a kaikaice, a ce ta yi yawon dare da ciki ko ta yi wanka a rafi da almuru. Wata har aurenta yake mutuwa. Yaron nan ɗan Adam ne, ɗan halas, wanda iskar numfashi ta yanke masa na ɗan lokaci ranar haihuwa, ko shawara ta kama shi ba a kai shi asibiti ba. Liman da ya faɗi wannan a huɗubar Juma'a ya yi wa gidaje da yawa aikin da likita ba zai iya ba.

To me hukuma ta tanada? A takarda, abin ba laifi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon yara da karatun share fage cikin ilimin da ya wajaba gwamnati ta kula da shi, kuma a rabon kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, akwai kashi 2 cikin ɗari da aka ware wa yara masu buƙata ta musamman. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ƙara shekara guda ta rabin aji kafin aji ɗaya. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci, har da a makaranta. A cikin birnin Sakkwato akwai makarantar A. A. Raji, inda kurame da makafi da wasu masu larura suke karatu, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware. Waɗannan wurare suna da amfani, kuma ma'aikatansu sun cancanci yabo. Sai dai duk suna birni ko gefensa, kuma makaranta irin wannan ta yaron da ya yi wayo ce, wanda zai iya rabuwa da gida. Ba uwar da za ta ɗauki ɗan shekara uku da bai iya cin abinci da kansa ba ta kai shi Sakkwato ta baro. Ba ma daidai ba ne a nemi ta yi hakan. Matar da ke Gandi ko Achida ko Shinaka, wadda kuɗin mota zuwa birni ya fi ƙarfin cefanenta na mako, tana buƙatar abin da zai same ta inda take.

Nan ya kamata mu fahimci abin da ake nufi da karatu ga irin wannan yaro, domin kalmar makaranta tana sa mutane su hango allo da alli da kayan sawa iri ɗaya. Darasin farko ga yaron da jikinsa ya sandare shi ne zama. A kafa shi a kusurwar ɗaki, a tokare shi da matashi, ko kafinta ya haɗa masa 'yar kujera mai jingina, don ya daina kwana yana kallon rufi, ya ga fuskokin mutane, hannuwansa su sami damar kama abu. Darasi na biyu shi ne ci. A zaunar da shi a miƙe, a ba shi kunu mai kauri kaɗan-kaɗan da cokali, a bar ɗura gaba ɗaya, domin yaron da haɗiya ke ba wuya in aka yi masa ɗura abincin yana iya bin hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Ga wanda ba ya magana, darasi shi ne a ba shi hanyar cewa "ina so" da "ba na so": a nuna masa kofi da ƙwarya ya zaɓa da ido ko da yatsa, a jira shi, kada a yi masa saurin amsawa. Ga mai galahanga wanda ba ya kallon ido, yana kaɗa hannu, yana firgita da ƙarar injin niƙa, sai a zauna kusa da shi a shiga wasan da yake yi, in yana jera duwatsu a miƙa masa dutse, har ya fara juyowa ya ga wane ne ke miƙowa. Kowane aiki a gutsuttsura shi: sa riga ba abu ɗaya ba ne, akwai sa kai, akwai hannun dama, akwai na hagu, akwai ja ƙasa, kuma kowanne yana iya ɗaukar makonni.

Kafin duk wannan, a duba kunne. Yara da yawa da ake kira dolaye ko gaulaye lafiyar hankalinsu ƙalau, ji ne ba sa yi. Yaron da bai ji magana ba ba zai yi ta ba, kuma in aka bar shi shekara shida ba harshe ko ɗaya, ko na baki ko na hannu, tunaninsa ma yana tauyewa. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu tun kaka da kakanni, wadda wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Kusan kowane gari akwai babban kurma mai sana'arsa da iyalinsa. A kai masa yaron tun yana ƙarami, shi da uwarsa da yayyensa, su koya tare. Haka ma farfaɗiya: ba ta yaɗuwa ta miyau ko ta taɓa jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su daina faɗuwa in suna shan maganin da ya dace. Yaron da aka tsayar wa faɗuwa sai ka ga karatun da ya gagare shi ya fara shiga.

Ko waɗannan ƙananan abubuwa suna da tasiri? An gwada. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa tana zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, ta zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka sake nemo su, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya ɗara na waɗanda ba a koya wa iyayensu wasan ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Waɗannan yara tamowa ce ta taɓa su, ba duka larurorin da muke magana a kai ba, kuma ba na son mai karatu ya ɗauka wasa zai warkar da sandarewar jiki. Ba zai warkar ba. Abin da zai yi shi ne ya raba tsakanin yaron da zai girma yana ci da kansa, yana zuwa makewayi da kansa, yana faɗin abin da ke damunsa, da wanda zai kai shekara 20 a kan tabarma ɗaya. Tun 1969 aka fara irin wannan ziyarar gida ga yara masu larura a karkarar Portage ta jihar Wisconsin a Amurka, saboda gidajen sun yi nisa da juna, kai yara wuri ɗaya ya gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tsarin horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma, wanda aka gwada a Habasha da Kenya, kuma an tsara shi ne yadda wanda ba likita ba zai iya koyar da shi.

Mutumin Wurno bai kamata ya ji wannan tsari baƙo ba. A garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, inda kabarinsa yake tun 1837, ƙanwarsa Nana Asma'u ta zauna tare da mijinta Waziri Giɗaɗo. Matsalar da ta fuskanta ita ce irin tamu: masu buƙatar ilimi suna cikin gidaje a ƙauyuka, ba za su iya barin ɗawainiyarsu su zo wurin malama ba. Sai ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijai mata masu mutunci, ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, su koma su koyar da matan garinsu a tsakar gida. Ta rasu a 1864, aikin bai mutu da ita ba. Ba gini ta yi ba, mutane ta horar, kuma ta zaɓi waɗanda ba a hana su shiga kowane gida.

Irin waɗannan mata suna nan yau. Su ne suka bi gida-gida da ɗigon rigakafin shan-inna shekara da shekaru, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a Agustan 2020. Su ne suke raba wa ƙananan yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro duk damina. Akwai malaman Islamiyyar matan aure, akwai matan ƙungiyar FOMWAN, akwai ungozomomi. Sun san gidan da aka haihu, sun san yaron da ba a fitowa da shi. Abin da ya rage a ƙara musu horo na 'yan makonni a kan alamomi kaɗan: wata 9 bai zauna ba, shekara guda ba ya juyowa in an kira sunansa, wata 18 bai taka ba, shekara biyu ba kalma, ko ya iya abu sannan ya manta. Sai a ba su malami ɗaya ƙwararre da zai riƙa zagayawa yana duba aikinsu, a kuma biya su haƙƙinsu a kan lokaci, don aikin sa-kai da yunwa ba ya ɗorewa.

Akwai wani abu da tsarin da aka rubuta a wata ƙasa ba zai sani ba. An ce uwa ta kalli ɗanta ido cikin ido, ta kira sunansa, ta yi masa waƙa. In ɗan fari ne fa? Yarinyar da ta yi haihuwar farko a gidan surukai tana kunyar ɗanta, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma haihuwar fari ga mai ƙananan shekaru ita ce ta fi zuwa da doguwar naƙuda. Baƙuwar da ta shigo ta ce mata "yi masa rawa" ta kunyata ta ne kawai. Mai hikima wurin kaka za ta nufa, don tsakanin kaka da jika wasa halas ne, har ma ado ne. Ta gaishe ta, ta ce, "Inna, wanga mijin naki yana jin kira kuwa? In kin yi mashi tawai yana dariya?" Da wannan an buɗe ƙofa ba tare da an ce yaro yana da aibu ba. Sai yayarsa mai goyonsa, 'yar shekara takwas ko tara, wadda ta fi kowa daɗewa da shi a yini. Ita ma ɗaliba ce a wannan makaranta, amma da sharaɗin kada raino ya hana ta zuwa tata. Maigida kuma a same shi a zaure ta bakin mai unguwa ko liman, domin shi ke ba da izinin fita da kuɗin mota.

In yaro ya kai shekara uku ko huɗu, gida kaɗai ya yi masa kaɗan. Yana buƙatar sa'o'insa, domin yaro ya fi koyo daga yaro. Manomin albasa a fadamar Wurno ba ya barin iri a komi har ya tsufa, yana dasa shi cikin 'yan'uwansa, sai dai mai rauni ya fi samun kulawarsa. Ina za a dasa wannan yaro? Inda firamare take da rabin aji, wurinsa ke nan, kuma doka tana bayansa. Malamar ajin ba sai ta je kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman da ke Oyo ba kafin ta zaunar da shi a gaba, ta haɗa shi da aboki, ta maimaita masa umarni a taƙaice. Amma a ƙauyuka da yawa makarantar da ƙaramin yaro yake fara sani ita ce ta allo. Sardauna Ahmadu Bello kansa, ɗan Rabah, da allo ya fara kafin ya tafi Sakkwato da Katsina, ya dawo ya zama hakimin garin a 1934.

Ina ganin ba mu lura da irin dacewar makarantar allo da yaro mai jinkiri ba. Ba aji, ba jarrabawar ƙarshen zango, kowa da allonsa da inda ya tsaya. Ba a wanke maka sai ka iya, ko da wata nawa za ka yi a kan sura ɗaya, kuma ba wanda zai ce ka faɗi. Karatun da murya ne, da rauji, da maimaici, ga manyan ɗalibai suna biya wa ƙanana. Abin da ƙwararru suke wahalar shigarwa cikin makarantar boko, wato kowane yaro ya tafi daidai ƙarfinsa, a nan shi ne asalin tsarin. Makafin mahaddata kuma shaida ne cewa zauren malam bai saba korar mai larura ba, kuma kowane almajiri ya san dalilin saukar surar Abasa da darajar Abdullahi ɗan Ummi Maktum. Aibun guda ne, kuma babba ne: bulala. Yaron da bai ji abin da aka ce ba, ko wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ko wanda harshensa ba ya juyawa, duka ba ya ƙara masa komai sai tsoro da fitsarin kwance. Malamin da aka zauna da shi cikin girmamawa, aka ce, "Allah gafarta Malam, wanga yaro amana ce, kunnensa ne ba ya ji sosai, a sa shi kusa da kai," yawanci yana karɓa. Mai kurumta kuma a fara masa da rubutu da nuni, kada a tsaya jiran ya biya.

Ba zan rufe ido ga halin da yankin yake ciki ba. Tun harin da aka kai Tabanni a Yulin 2018, wanda ya cika Gandi da 'yan gudun hijira, da kisan kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, ƙauyuka da dama sun watse, wasu makarantun sun zama masaukin waɗanda suka gudo. Ranar gudu, yaron da ba ya tafiya goya shi ake yi ko da ya yi nauyi, wanda ba ya ji kuma ba ya jin harbi balle ya ɓuya. Maganin farfaɗiya yana yankewa, abinci yana raguwa. Wani zai ce a irin wannan hali maganar wasa da yara gata ce. Ni a ganina halin ne ma ya sa tsarin ya fi dacewa. Gini ana ƙona shi ko a gudu a bar shi, malamin da aka turo daga birni yana ƙin zuwa, amma abin da kaka da uwa da yaya suka koya yana tafiya da su duk inda suka sauka. A sansanin gudun hijira kuma iyaye mata suna wuri ɗaya, mace ɗaya mai horo za ta iya tara goma a inuwa guda.

Kuɗin da ake buƙata ba na gina sabuwar makaranta ba ne. Alawus ne na matan da za su yi zagaye, da albashi da babur na ƙwararren da zai duba su a kowace ƙaramar hukuma, da kuɗin motar kai yaro Sakkwato sau ɗaya ko biyu a gwada jinsa a tsara masa magani, da aikin kafinta. Kason masu buƙata ta musamman da ke zuwa ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha zai iya ɗaukar wani ɓangare, Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ta ɗauki kuɗin mota da magani, sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya ba da ma'aikatansa. Wahalar ita ce yaron ɗan shekara uku ya faɗa tsakanin ofisoshi: masu ilimi suna ganin bai kai nasu ba, masu lafiya suna ganin ba jinya yake ba, masu jin daɗin jama'a sun fi sanin manya masu neman keken guragu. Dole mutum ɗaya a Rabah, ɗaya a Wurno, ɗaya a Goronyo ya zama shi ake tambaya, yana riƙe da rajistar sunayen yaran gunduma-gunduma, ya san wanda aka ziyarta a makon nan, ya kuma kai wa hedimasta sunan kowane yaro wata shida kafin ya isa shiga aji ɗaya.